Baƙi 100,000 a Ƙasar Fengwin: Wa Zai Ce Ya Isa?

A shekarar 1966 wani ɗan kasuwa haifaffen Suwidin mazaunin Amurka, Lars-Eric Lindblad, ya yi hayar jirgin ruwan sojan Ajantina, ya kwashi mutum 57 ya kai su Antaktika, nahiyar ƙanƙara da ke can ƙarshen kudancin duniya. Mutanen nan ba masu bincike ba ne, ba kuma mafarauta ba. Kuɗinsu suka biya don su je su ga tsuntsaye da dabbobin teku da idanunsu. Bayan shekara uku, a 1969, ya sa aka ƙera masa jirgi na musamman mai jure ƙanƙara, Lindblad Explorer, kuma daga nan aka samu sana'ar da a yau ake zuba mata biliyoyin daloli. A farkon shekarun 1990 baƙin da ke zuwa nahiyar a shekara ba su kai 8,000 ba. A kakar 2019/2020 sun kai kimanin 74,000. Annobar korona ta dakatar da harkar na ɗan lokaci, tana wucewa kuwa sai aka haura 100,000 a kakar 2022/2023, aka zarce 120,000 a kakar da ta biyo baya.

Wannan tafiya ta sha bamban da ta manyan jiragen shaƙatawa masu ɗaukar mutum dubu biyar da gidajen rawa da wuraren ninƙaya. Yawancin jiragen nan fasinja 100 zuwa 200 suke ɗauka. Inda za su babu tashar jiragen ruwa, babu gari, babu hanya. Jirgi kan tsaya nesa da gaɓa, a sauke ƙananan kwale-kwalen roba masu inji, waɗanda ake kira Zodiac, a riƙa ɗiban mutane goma-goma ana kai su tudu. A cikin ma'aikatan akwai masana tsuntsaye da masana duwatsu da masana tarihi, suna ba da lacca da yamma. Jadawalin tafiya kuma ba ya da tabbas, domin iska da ƙanƙara ne ke da iko. Shugaban tawaga kan tsara abu da dare, gari ya waye ya tarar ƙanƙara ta toshe bakin mashigar, sai a juya akala.

Masu zuwa kudu galibi daga Ushuaia suke tashi, wani gari a ƙarshen Ajantina. Sai sun yi kwana biyu suna ratsa mashigin Drake, tafiyar kusan kilomita 1,000 a ɗaya daga cikin tekunan da suka fi kowanne hauka a duniya, kafin su hango tudu. Lokacin zuwa daga Nuwamba ne zuwa Maris, lokacin zafin can. Masu zuwa arewa kuma tsakanin Yuni da Satumba suke tafiya, zuwa tsibiran Svalbard na ƙasar Norwe, ko gaɓar Girinland, ko arewacin Kanada. A can ne ake shiga fiyod, wato dogon kwari mai zurfi wanda kogin ƙanƙara ya sassaƙe cikin dubban shekaru, da ƙanƙarar ta janye sai teku ta shigo ta cike gurbin. Jirgi na iya yin yini yana tafiya a cikinsa, tsaunuka tsaye hagu da dama, har ya kai inda bangon ƙanƙara ke ɓallewa yana faɗawa ruwa da ƙara. Scoresby Sund na gabashin Girinland shi ne mafi girma a duniya. Abu ɗaya da kan rikita mutane: farar beyar, wadda ake ce wa beyar ƙanƙara, a arewa kaɗai take, tsuntsun fengwin kuma a kudu. Ba su taɓa haɗuwa ba.

Ba na jin akwai mai musun cewa abin da ake zuwa gani ya cancanci gani. A gaɓar St Andrews da ke tsibirin Jojiya ta Kudu, fengwin irin wanda ake kira sarki, mai ɗorawa a wuya, ma'aurata fiye da 100,000 ne ke taruwa a fili ɗaya, kukansu da warinsu kan isa jirgi tun kafin a sauka. A mashigin Gerlache kifin wel mai doro, wanda a gaskiya ba kifi ba ne, dabba ce mai shayarwa da ta kai tsawon babbar mota, yakan taso dab da kwale-kwale ya fesa numfashi. A Svalbard akwai walrus masu haure kwance jingim a kan yashi, da tsaunukan da tsuntsaye suka lulluɓe.

Amma ya kamata mai karatu ya san cewa jiragen baƙi ba su ne na farko da suka shiga ruwayen nan ba, kuma na farkon ba da kyamara suka zo ba. A 1904 wani ɗan Norwe, Carl Anton Larsen, ya kafa masana'antar narka kitsen wel a Grytviken, a Jojiya ta Kudu. Daga lokacin zuwa tsakiyar shekarun 1960 an sarrafa wel fiye da 175,000 a tsibirin kaɗai. Kafin su, masu farautar fata sun kusa ƙarar da wata dabbar teku, sil mai gashi. Wel mai doro na kudu maso yammacin Atlantika ya ragu har ya koma 'yan ɗaruruwa, kimanin 450 a shekarun 1950. Da aka daina kashe shi, kiyasin 2019 ya nuna ya koma wajen 25,000. Sil ɗin da aka kusa ƙararwa daga baya ya kai ana lissafa shi a miliyoyi. Wato abin da baƙo ke kallo a yau dabbobi ne da suka farfaɗo saboda an ƙyale su. Wannan tarihi shi ke sa na ƙi ɗaukar batun da wasa: wurin ya riga ya nuna mana cewa jirgin ruwa na iya zubar da shi, ya kuma nuna cewa doka na iya tashe shi.

To, yaya ake sauka? Tun jirgi na cikin Drake ake tara fasinjoji, kowa ya kawo rigar sanyinsa da jakarsa da safar hannunsa. A zauna da injin zuƙar ƙura da ɗan tsinke ana bin aljihu da ɗinki ana fitar da 'ya'yan ciyawa da ɓurɓushin ƙasa. Ran sauka, kafin mutum ya shiga kwale-kwale sai ya taka cikin kwano mai ruwan magani, in ya dawo ya goge takalminsa da buroshi ya sake takawa, kamar dai yadda ake yi a ƙofar babbar gonar kaji. Masu jagora kan riga kowa sauka, su kafa tutoci su shata hanya. Ba a matsar dabba ƙasa da mita biyar. In fengwin ya biyo turbarsa zai gangara teku, mutum ne zai tsaya ya ba shi hanya. Ba a ɗaukar ko tsakuwa, ba a sauka da abinci, ba a kewayawa a tudu. Mutum 100 kacal ake yarda su kasance a ƙasa a lokaci guda, jagora ɗaya ga kowane mutum 20, jirgi ɗaya a wuri ɗaya, jirgin da ya ɗauki fiye da fasinja 500 kuwa ba ya sauke kowa, sai dai a yi kallo daga kan jirgi.

Tun daga 2023 an ƙara tsanantawa. Murar tsuntsaye nau'in H5N1, wadda masu kiwon kaji a Najeriya suka sani tun ɓullarta a jihar Kaduna a 2006, ta isa Jojiya ta Kudu a Oktoban 2023, aka kuma tabbatar da ita a kan nahiyar Antaktika a Fabrairun 2024. Ta kashe tsuntsaye, ta kashe sil da yawa. Tsuntsaye masu ƙaura ne suka kai ta, ba baƙi ba, amma takalmin baƙo na iya ɗaukarta daga wannan gaɓa zuwa waccan. Saboda haka aka hana zama da durƙuso da kwanciya a ƙasa, aka hana ajiye jaka, aka rufe wasu wuraren ɗungurungum.

A yi wa kamfanonin adalci, yawancin ƙa'idojin nan su suka ƙirƙiro su. A 1991 kamfanoni bakwai suka kafa ƙungiyar IAATO don tsara harkar a kudu, a 2003 aka kafa takwararta AECO a arewa. Daga baya ne ƙasashe suka ɗauki wasu ƙa'idojin suka mai da su matsaya. Kuma shaidar da ake da ita ba ta nuna baƙo ɗaya-ɗaya yana yin ɓarnar da ake tsammani ba. A Port Lockroy, inda Birtaniya ke da ɗan gidan waya da dubban baƙi ke ziyarta, an daɗe da killace wani sashe na tsibirin da ke wurin aka hana shiga don a gwada fengwin da ke ganin mutane da wanda ba ya gani, kuma binciken farko bai gano wani bambanci na a zo a gani ba. Da aka bincika tufafin masu zuwa nahiyar a kakar 2007/2008, sai aka tarar masu bincike da ma'aikatan tashoshi sun fi 'yan yawon buɗe ido ɗauko 'ya'yan tsirrai.

Inda gizo ke saƙar shi ne, duk ƙa'idojin nan suna magana ne a kan yadda mutum zai yi idan ya zo. Babu ko ɗaya da ta ce ga iyakar mutanen da za su zo. Antaktika ta fi Turai girma, amma abin da ƙanƙara ba ta rufe ba bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Wannan ɗan fili na duwatsu da tsakuwa shi ne inda tsuntsaye ke ƙwai, shi ne inda wasu sil ke haihuwa, shi ne kuma kaɗai inda kwale-kwale zai iya sauke mutum, a daidai watannin da ake renon 'ya'ya. Mafi yawan saukar ma a wani ɗan yanki ne na zirin da ya miƙo wajen Kudancin Amurka. Wurare irin su tsibirin Cuverville da gaɓar Neko kan karɓi jirgi da safe, wani da yamma, kusan kullum har kaka ta ƙare. Mutum 100 da suka kiyaye mita biyar ba matsala ba ne. Mutum 100 sau biyu a rana na wata huɗu, shekara bayan shekara, wani zance ne daban, domin yawa shi kan sa zare ya ja dutse. Binciken Port Lockroy tsibiri ɗaya ya shafa da nau'in fengwin ɗaya, wanda aka san yana saurin sabawa da mutane. Ba hujja ba ce ga kowane tsuntsu a kowace gaɓa.

Sai batun mai, wanda wankin takalmi ba ya magancewa. Baƙon da ya taso daga Amurka ko Sin ko Ostareliya sai ya hau jirgin sama zuwa Buenos Aires, ya hau wani zuwa Ushuaia, sannan ya shiga jirgin ruwa na kwana goma ko ashirin. Kiyasin masana ya nuna tafiya ɗaya ta mutum ɗaya na fitar da hayaƙin kabon tan 3 zuwa 5. Matsakaicin abin da ɗan Najeriya ke fitarwa a shekara guda bai kai tan ɗaya ba. Akwai kuma baƙin toka da injuna ke zubarwa a kan dusar ƙanƙara. Farin abu yana mayar da hasken rana, in ya yi duhu sai ya sha zafi ya narke. Wani bincike da aka wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa rabon kowane baƙo a wannan narkewa ya kai kimanin tan 83 na dusar ƙanƙara. An yi gyare-gyare: an haramta baƙin mai mai kauri a ruwan Antaktika tun 2011, dokar jiragen yankunan ƙanƙara ta fara aiki a 2017, akwai sababbin jirage masu haɗa batir da inji irin Roald Amundsen na 2019. Amma ragin da sabon inji ya kawo, ƙarin jirage ya cinye shi.

Amsar da kamfanoni suka fi bayarwa ita ce gani ya kori ji. Wai duk wanda ya je ya gani zai dawo ya zama jakadan nahiyar, ya kare ta a gida. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Hotunan wutsiyar wel da fasinjoji ke turawa shafin Happywhale sun taimaka wa masana gane dabbobi ɗaya-ɗaya da bin diddigin ƙaurarsu, jiragen kuma kan rage wa masu bincike hanya zuwa wuraren da ba su da kuɗin zuwa. Sai dai da aka bi sawun waɗanda suka dawo, abin da aka fi samu shi ne iliminsu ya ƙaru, zuciyarsu ta motsa, amma bayan 'yan watanni rayuwarsu ta koma yadda take. Ni dai ban ga yadda za a kafa hujjar ninka baƙi sau goma a kan jakadancin da ba a iya nuna amfaninsa ba. Abin da ya fi damuna ma shi ne yadda wasu ke tallar tafiyar da cewa a zo a gani kafin ya ɓace. Wannan gayyata ce zuwa ƙara wa abin da ake kuka da shi.

Akwai kuma rai. Jirgin nan na Lindblad, bayan ya sauya hannu aka taƙaita sunansa zuwa Explorer, ƙanƙara ta huda shi a daren 23 ga Nuwamba 2007 kusa da tsibiran Shetland ta Kudu. Mutum 154 suka shiga ƙananan jiragen ceto marasa rufi, suka yi sa'o'i a kan ruwan da mutum ba ya daɗewa a cikinsa da rai, har wani jirgin Norwe, Nordnorge, ya zo ya kwashe su. Ba a rasa kowa ba, domin Allah ya sa teku na kwance a ranar, kuma akwai wani jirgi a kusa. Jirgin ya nitse da man da ke cikinsa. A Satumban 2023 jirgin Ocean Explorer ya kafe a cikin laka a Alpefjord, arewa maso gabashin Girinland, da mutum 206. Jirgin sojan Denmak mafi kusa yana nesa da fiye da kilomita 2,000. Kwana uku suka yi kafin wani jirgin binciken kifi ya janyo su. Da jirgin ya tsage, ko da wuta ta tashi, da labarin ya zama wani. Yawancin fiyod ɗin nan ba a gama auna zurfinsu ba, kuma abin da kamfani ke sayarwa shi ne shiga inda wani bai shiga ba.

A arewa abin ya ɗan bambanta, domin ƙasar tana da masu ita. A Yulin 2018 masu gadi na wani jirgin Jamus suka sauka a wani tsibiri a arewacin Svalbard don duba gaɓa kafin a kawo fasinjoji. Wata beyar ta far wa ɗayansu ta ji masa ciwo a ka, abokan aikinsa suka harbe ta. Hoton gawarta a kan yashi ya zagaya duniya, aka yi ta tambaya: dabbar da doka ta hana kashewa tun 1973, a gidanta, me ya kai mutum wurin? Ba a iya ce wa wanda ya ceci ran abokinsa ya yi laifi. Laifin yana ga tsarin da ya sa aka je. Norwe ta ɗauki lokaci tana shawara, kamfanoni suka yi ta ƙorafi, amma daga 1 ga Janairun 2025 sababbin dokoki suka fara aiki. A yankunan da aka keɓe, jirgi ba zai ɗauki fiye da fasinja 200 ba, sauka kuma sai a wurare 43 da aka zayyana. Tsakanin mutum da beyar mita 300 ne, daga Maris zuwa ƙarshen Yuni kuma mita 500. Masu ɗaukar hoto sun ce an kashe musu kasuwa. Ina ganin Norwe ta yi daidai. Yankin Aktik, wato can ƙarshen arewacin duniya, yana ɗumama kusan ninki huɗu na sauran duniya tun daga 1979, ƙanƙarar tekun da beyar ke farautar sil a kai tana janyewa, dabbar da ke fama da yunwa kuwa ba ta da ƙarfin da za ta ɓata wajen guje wa kwale-kwale.

A Girinland kuma akwai mutane. Ittoqqortoormiit, garin da ke bakin Scoresby Sund, mazaunansa ba su kai 400 ba, mafarauta ne, kuma jirgi ɗaya na iya sauke baƙin da suka kai rabin garin. Baƙon ya ci a jirgi, ya kwana a jirgi, jagoransa daga jirgi, abin da ya bari a gari bai wuce kuɗin ɗan abin tsaraba ba. Shi ya sa gwamnatin Girinland ta yi sabuwar dokar yawon buɗe ido da ke ba 'yan ƙasa fifiko a mallakar kamfanoni. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Antaktika ce ba ta da mai ɗaki. Yarjejeniyar da ƙasashe 12 suka sa wa hannu a Washington a 1959 ta jingine duk wata da'awar mallaka, ta keɓe nahiyar ga zaman lafiya da bincike, ƙarin da aka yi a Madrid a 1991 kuma ya hana haƙar ma'adinai. Babban aiki ne, kuma ya riƙe. Sai dai ƙasashe 29 masu ƙuri'a ba sa zartar da komai sai kowa ya yarda, ƙasa ɗaya ta isa ta tsayar da magana. Shiga IAATO ganin dama ne. Jirage da yawa kuma suna ɗauke da tutar ƙasashen da ba sa cikin yarjejeniyar: Explorer da ya nitse rajistar Laberiya gare shi, Laberiya ce ma ta gudanar da binciken haɗarin. A duk Afirka, Afirka ta Kudu ce kaɗai ke da kujera a teburin, alhali ruwan da ke narkewa can yana cikin abin da ke cin gaɓar Legas. Sai a 2023, a taron Helsinki, ƙasashen suka amince su fara tsara cikakkiyar dokar yawon buɗe ido. Fara tattaunawa ke nan, jiragen kuwa an riga an ƙera su.

Ba na so a fahimce ni da cewa baƙi ne babbar barazanar dabbobin nan. Ɗumamar yanayi ta fi su nesa ba kusa ba. A 2022 ƙanƙarar tekun Bellingshausen ta farfashe da wuri, huɗu daga cikin mazaunai biyar na babban fengwin da ke yankin suka rasa 'ya'yansu, a wurin da baƙi ba sa takawa. Akwai kuma manyan jiragen kamun kiril, ɗan jatan landen da wel da sil da fengwin duk suka dogara da shi, waɗanda ke kwasar dubban ɗaruruwan tan a ruwan da jiragen baƙi ke yawo. Amma cikin duk matsalolin nan, yawan baƙi shi ne mafi sauƙin magancewa. Ba ya bukatar sabuwar fasaha, ba ya taɓa abincin talaka, domin tafiyar da kujerarta kan kai dala 10,000 ko fiye ba lalura ba ce ga kowa.

Don haka ban goyi bayan a rufe ƙofa ba, domin harkar da aka tsara ta fi wadda aka kora ta koma hannun marasa ƙa'ida. Abin da ya kamata ƙasashen yarjejeniyar su yi shi ne su yanke adadin baƙi na kowace kaka, su fitar da jerin wuraren sauka su rufe saura kamar yadda Norwe ta yi, su ɗora haraji a kan kowane fasinja a riƙa biyan masu sa ido masu zaman kansu da shi, su kuma mai da ƙa'idojin IAATO doka a kan kowane jirgi ko tutar wace ƙasa ya ɗauka. Ƙungiyar 'yan kasuwa na iya hana mambanta matsar tsuntsu, amma ba za ta hana shi sayar da tikiti ba. Wannan aikin gwamnatoci ne, kuma sun riga sun makara da shekaru.